Amsa ga mai neman Jabha: ka fita neman ta ne a lokacin da ba a ganin ta

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka tun jiya. Ka ce tun kana yaro kake jin tsofaffi suna cewa "Jabha ta kama", ka fita dare uku a watan Agusta kana lalube ba ka ga komai ba, sannan kana so ka san ko madubin hangen nesa mai ido biyu da ka sayo zai nuna maka galaksi, wato tarin biliyoyin taurari da ke can nesa ƙwarai. Ni ma na yi irin wannan laluben shekarun baya, bari in rage maka wahala.

Ba idonka ne da laifi ba. Taurarin da manoma ke ƙirga damina da su, irin su Nasara da Ɗarfa da Jabha da Harsan, masaukai ne guda 28 da muka gada daga lissafin Larabawa, kowanne kwana 13, sai Jabha kaɗai mai 14, shi ya sa jimlar ta cika 365. Lokacin da ake cewa tauraro ya kama, rana tana kusa da shi ne a sama, su fito kusan tare su faɗi kusan tare. Jabha tana cikin burujin Zaki, wanda malamai ke kira Asad, Turawa kuma Leo, rana kuwa tana ratsa wannan buruji daga wajen 10 ga Agusta zuwa tsakiyar Satumba. Ka ga kenan lokacin da kake ɗaga kai da daddare, Zakin ya riga ya bi rana ya faɗi. Ga kuma hadari.

Ka jira Maris da Afrilu. A farkon Afrilu, tsakanin ƙarfe tara da goma na dare, Zaki yana tsakiyar sama. Mu da ke layin Kano muna da wata sa'a: babban tauraronsa, Regulus, yana digiri 12 ne arewa da layin ikwaita na sama (layin da ya raba sama biyu, kudu da arewa), Kano ma tana kan digiri 12 arewa da layin ikwaita na ƙasa, don haka ta saman kanka yake wucewa cak. Daren farko a tsaye na yi kallon, na kwana biyu wuyana bai juyuwa. Ka tafi da tabarma da matashi ka kwanta rigingine.

Kada ka nemi siffar zaki, ba za ka gan ta da wuri ba. Nemi lauje. Taurari shida ne suka yi baka kamar laujen yankan ciyawa, mai hasken cikinsu yana can gindin ƙota, shi ne Regulus, Larabawa suna ce masa Ƙalbul Asad, wato zuciyar zaki. Shi da taurari uku da ke biye da shi a jikin laujen su ne Jabharka, goshin zakin. Gabas da laujen za ka ga wasu uku sun yi kusurwa uku: biyun da ke kusa da laujen su ne Harsan, na can ƙarshe kuma Denebola, wutsiyar zaki, shi ne Sarfa a lissafin manoma. Haskensa shekara 36 yake yi a hanya kafin ya iso mana, na Regulus kuwa 79. Idan ka ga wani baƙon tauraro mai haske kusa da Regulus wanda ba ya ƙyaftawa, kada ya rikita maka laujen, ɗaya daga cikin duniyoyi ne, Mars ko Jupiter, don hanyarsu ta nan ta bi. Wata ma yakan zo ya rufe Regulus ɗin ɗungum.

Wanda na fi so a duk burujin shi ne Algieba, na tsakiyar lauje, sunan ma daga Jabha aka lanƙwasa shi. Da ido tauraro ɗaya ne. Ranar da na fara sa shi a teleskop ɗina mai faɗin inci shida na ƙara girma, sai ya rabe biyu, tagwaye masu ruwan zinariya manne da juna. Madubi mai ido biyu ba zai raba su ba, sun yi kusa da yawa.

To, batun galaksi. Zan faɗa maka gaskiya don kada ka ji an cuce ka: hotunan da kake gani a intanet masu launi da murɗaɗɗun hannaye, kyamara ce ta tara haske na sa'o'i. Ido ba ya yin haka. A cikin Harsan, ɗauki na kudu, wanda ake kira Chertan, ka gangara kudu kaɗan wajen ƙafar zakin ta baya. A nan akwai galaksi uku a wuri ɗaya: M65 da M66, waɗanda Charles Messier na Faransa ya gano a 1780, da NGC 3628 da William Herschel ya gano a 1784. Nisansu kusan shekarar haske miliyan 35, wato haskensu kusan shekara miliyan 35 yake yi a hanya. A teleskop ɗina biyun farko kamar an dangwala yatsa a toka an shafa a baƙin zane suke. Ta ukun ta ba ni wuya ƙwarai, saboda ta gefe muke kallon ta, kamar faifai da aka miƙo maka ta baki, siririya ce kuma dusu-dusu. Sai a fita ta huɗu na kama ta, bayan ruwan farko ya wanke ƙura a watan Mayu, muna gonar wani aminina nesa da fitilun gari. Na kira shi ya leƙa, ya daɗe yana kallo, ya ɗago ya ce, "Wannan ɗin ne ka hana mu barci a kansa?"

Da madubinka, in mai lamba 10x50 ne, kana iya tsinkayar M66, wataƙila da M65, amma sai dare ya yi baƙi ƙirin, babu wata, babu hazo, kuma ka jingina gwiwar hannu a kan wani abu don kada ya yi rawa. Hazon hunturu shi ne babban abokin gabarmu a nan, yakan bar manyan taurari ya haɗiye galaksi gaba ɗaya. Ka ba idonka minti ashirin a duhu, ka ajiye waya, in dole sai ka haska to ɗaura jar leda a bakin tocila. Sannan kada ka zuba wa wurin ido kai tsaye, ka ɗan kalli gefensa, gefen ido ya fi kama haske mai rauni. Manhajar Stellarium kyauta ce, ka duba taswirar tun a gida ka haddace. Akwai wasu uku a ƙarƙashin cikin zakin, M95 da M96 da M105, amma bar su sai ka samu teleskop.

In ba za ka iya haƙuri har Maris ba, ka tashi kafin kiran assalatu a tsakiyar Nuwamba ka fuskanci gabas, laujen ya riga ya hau sama sosai. Wajen 17 ga wata ma akan ga taurari masu gudu suna fitowa daga cikinsa, ɓurɓushin tauraro mai wutsiya ne da ake kira Tempel-Tuttle. Ka dai sa rigar sanyi. In ka fita, dawo ka ba mu labarin abin da ka gani.