Yadda Ray Lewis ya kai NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka

Malam, ka tambayi ta ina Ray Lewis ya bi har ya shahara a ƙwallon Amurka. Ya buga wa Jami'ar Miami daga 1993 zuwa 1995, ta Florida, kada ka haɗa ta da ta Ohio. A 1996 ƙungiyar Baltimore Ravens ta NFL ta ɗauke shi, shi ne na 26 a zaɓen sababbin 'yan wasa na shekarar, bai taɓa barin ta ba har kaka 17, ya ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL, sau 2.

Aikinsa tsayawa bayan layin masu tsaro, ya karanci wasan, ya tare mai ƙwallo. Ni hangen nesansa ya fi burge ni, mutane kuwa ƙarfinsa kawai suke kallo.

In ɗanka zai gwada, ya fara ganin koci da likita, don bugun kai yana da haɗari sosai.