Tambaya da Amsa: In yi hayar kayan ofis ko in sayi na gwanjo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mun samu aikin wata shida na tattara bayanan manoma, mu biyar ne, an ce mu buɗe ɗan ofis nan Gusau. Kuɗin ba su da yawa, kuma in aikin ya ƙare ban san ina zan kai tebura da kujerun ba. Wani ya ce min ana bada hayar kayan ofis, to mi kuka gani?
Mai karatu daga Tudun Wada, Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a aikin. Wata shida kam kar ka sayi sabo, wallahi ɓarna ce. Hayar da muka fi sani a nan ta kujerun roba ce da kanofi na biki, amma je ka wurin kafintoci da 'yan gwanjo ka yi magana da su, da yawansu suna da tebura da kabad a jibge suna cin ƙura, in ka ce za ka biya duk wata kuma ka maido lafiya lau za ku daidaita. Sai dai a rubuta, a sa shaidu biyu, a ɗauki hoton kowane kaya da waya tun ranar ɗauka, a faɗi wa zai biya gyara in ƙafar kujera ta karye, don rigimar haya daga nan take tashi.

In kuma kana ganin za a sabunta aikin ya wuce shekara, sayi na hannu ka gyara. Ka juya teburin ka duba ƙarƙashi, in ka ga ƙasa-ƙasa ta manne ko ka ƙwanƙwasa ka ji holoƙo to gara ta shiga, ka bar shi. Kujera mai soso ka buɗa ɗinkin saboda kuɗin cizo. Waɗannan tebura masu ƙyalli na garin katako da aka matse, ruwa na taɓa su sai su kumbura, ba su gyaruwa, gara ka nemi mai ƙafar ƙarfe ko na katakon gaske, mai walda da mai fenti za su maida maka shi sabo a yini ɗaya.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda za ka ga kujeru a tare bayan ofisoshi, ƙusa biyu kawai suke buƙata, damina ta zo ta ruɓar da su, ƙarshe a yi makamashi da su, alhali itatuwanmu sai raguwa suke yi. Haka ofisoshin kamfen bayan zaɓen 2023, wasu an rufe su da kayan a ciki.

Wani abu kuma, in aka ce maka kayan gwamnati ne aka yi gwanjo, nemi takardar gwanjon da rasit kafin ka bada ko sisi, kar ka sayi abin da za a biyo ka da shi har gida.