Katikis zai iya yin Mas idan Fada bai zo ba?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko katikis, wato mai koyar da addini a coci, zai iya yin Mas, babbar sujadar Katolika, ranar Lahadin da Fada, wato firist, bai samu zuwa ƙauyenku ba. A'a, ba zai iya ba. A ɗarikar Katolika, Fada ko Bishof ne kaɗai ke keɓe gurasa da ruwan inabi a kan bagade, wato ya tsarkake su, kuma babu Mas sai da wannan keɓewar. Katikis dai zai jagoranci addu'a, ya karanta nassin ranar, ya yi bayani, a ba da baiko.

Amma in Fada ya bar gurasar da ya riga ya keɓe, kuma Bishof ya ba katikis ɗin izini, zai iya raba wa masu karɓa. A cocinmu na ƙauye ba a barin ta, don ginin laka ne, babu akwati mai makulli, sai mu jira zuwan Fada.