Ramin nan yana da rai, ɗana

Ɗana, ka tambaye ni jiya a wajen aiki me yasa muka cika sabon ramin haɗa gas ɗin girki da ɗanyen kashin shanu kafin komai, kuma me yasa na hana matan gidan zuba ruwan Hypo a ciki. Hannuna duk siminti ne lokacin shi yasa ban tsaya ba, toh ga amsar.

Ginin da muke yi gida ne kawai, masu aikin na gaskiya ƙananan halittu ne da ido baya gani, su bakteriya da ƴan uwansu, kuma daga tumbin saniya suke fitowa, shi yasa nace maka busasshen kashi da rana ta gasa bazai tada rami da kyau ba, sai ɗanye, a dama shi da ruwa bokiti ɗaya da bokiti ɗaya. Kuma ba iri ɗaya bane, layi-layi suke. Na farko su farfasa kashin da sauran abinci su maida shi ruwa mai tsami, na ƙarshe kuma su cinye tsamin su fidda gas ɗin da ake girki da shi, methane, wanda ya kan kai kashi 60 cikin 100 na abin da ke fitowa. Waɗannan na ƙarshen sune masu laulayi, basa son iska ko kaɗan, kuma a hankali suke hayayyafa. In ka ɗura wa rami abinci fiye da ƙarfinsa tsami ya rinjaye su, sai kaji mai gida na cewa wuta ta daina kamawa. Hypo kuwa kashe su yake gaba ɗaya, haka ma a sokawe.

Zafi suke so, kamar digiri 35, shi yasa in hunturu ya sauka a Zariya, Disamba zuwa Janairu, gas ke raguwa, kar kace ginin ya tsage. Gas ɗin kwanakin farko ma baya kamawa, a sake shi ya fita.

Wallahi kar ka taɓa leƙa kanka cikin rami ko kaji warin ruɓaɓɓen ƙwai ko baka ji ba, iskar nan na kashe mutum nan take.

Ruwan da ke fita ta ɗaya bakin ramin kuma taki ne, a kai gona. Can ma irin wannan aikin ake yi, in ka tuge gyaɗa ko wake zaka ga ƙulli-ƙulli a saiwa, ka fasa ɗaya, in cikinsa ja-ja ne to bakteriyar Rhizobium na aiki, tana jawo sinadarin naitirojin daga iska tana ba shuka. Masana na IAR, cibiyar binciken aikin gona ta nan Samaru, sun daɗe suna bincike a kai, har akwai garin Nodumax mai ɗauke da irin wannan bakteriya, na IITA, wata cibiyar binciken noma, da ake cuɗa irin waken suya da shi kafin shuka.

Gobe ka taho da wuri da baro, za mu biya mayanka mu ɗebo wani ɗanyen.