Tsakanin Gyara da Sauke Mu Raba: Amsar Tambayoyinku

Yawancin tambayoyin wannan mako daga ofisoshi suka fito, daga mutanen da aka haɗa su rubuta takarda ɗaya, rahoto ko jawabi ko fassara, aka tashi rai a ɓace. Na haɗa masu kama da juna.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, mu uku muka rubuta rahoto a wurin aikinmu a Kaduna. Abokin aikina ya karɓi sashena, ya ce mini "gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba", sannan ya goge shafi biyu ya sake rubuta su da kalmominsa. Da na nuna ban ji daɗi ba, sai ya ce ba na son gyara. Abin da karin maganar take nufi ke nan?

Amsa: Malama, ba haka take nufi ba, kuma wannan karin magana tana shan wahala a bakin mutanen yanzu. Kowa ya haddace ta, kaɗan ne suka tsaya suka dubi abin da ke cikinta. Mutum ne a hanya da kaya, ko a kansa bisa gammo, ko a bayan jaki cikin mangala. Kayan sun karkace, shi bai sani ba, domin mai ɗauke da kaya ba ya ganin abin da ke kansa. Wanda ke tafe a bayansa shi ya hango, ya ce masa gyara kayanka. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Mai cewa sauke mu raba kuwa wani mutum ne daban, wanda ya sa wa kayan ido, ko ɗan fashi ko mai kwaɗayi.

To ki lura da wanda zai yi gyaran. Ba a ce "kawo in gyara maka" ba. An ce gyara, kai da kanka, kuma kayanka, naka ne har yanzu. Mai shawara ya nuna ɓangaren da ya rinjaya, ya ci gaba da tafiyarsa. Saboda haka karin maganar tana jan kunnen mutum biyu. Tana gaya wa mai kaya kada ya zargi wanda ya yi masa magana, tana kuma gaya wa mai magana inda hannunsa zai tsaya. Abokin aikinki ya riƙe rabin farko ya yar da na biyu. Wanda ya goge shafi biyu ya zuba nasa ya sauke kayan, kuma ko rabawar bai yi ba, duka ya kwashe.

Wannan ladabi ba baƙo ba ne gare mu. A tsangaya, gardi yana rubuta allonsa da ka, ya kawo gaban alaramma a yi darasu. In an tarar da kuskure, nuna masa ake yi: nan ka tsallake harafi, nan wasalin ya sauka inda bai kamata ba. Ba a wanke allon gaba ɗaya a rubuta masa sabo, domin in an yi haka allon ya yi kyau amma gardin bai ƙaru da komai ba, gobe ma a nan zai sake tuntuɓe. Na daɗe ina mamakin yadda mutumin da ya taso cikin wannan tarbiyya, da ya zauna gaban kwamfuta sai ya mance da ita, don kawai gogewa ta yi sauƙi.

Sai dai ke ma akwai naki. Ki koma ki karanta abin da ya rubuta da sanyin zuciya. In a cikin shafi biyun nan akwai inda ya fi ki gaskiya, ki ɗauka ki gode masa da baki, sauran kuma ki ce masa, "Malam, nuna mini inda ya karkace, ni zan gyara." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma rahoton da zai fita da sunan ku uku gara ya sha duba a cikin gida.

Tambaya: Malam, aikin edita "gyara" ne ko "tacewa"? Muna gardama a kai a gidan rediyonmu.

Amsa: Duka biyun ana faɗa, amma ba abu ɗaya suke nufi ba. Tacewa daga madafi ta fito. Ana tace gasara ko kunu, ruwan ya wuce, dusa ta tsaya. Mai tacewa cirewa yake yi, ba ya ƙarawa. Gyara ta fi faɗi, tana ɗaukar cirewa da ƙari da sauya wuri. Kuma tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kunnen jama'a ya saba jin "tacewa" da ma'anar hana abin da bai dace ba ya fita. In ka ce wa abokin aiki "zan tace rubutunka", kada ka yi mamaki in ya ɗaure fuska. Ita kalmar edita ta daɗe da zama 'yar gida, tun zamanin da Abubakar Imam ya riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya daga 1939. Ba ta bukatar a nema mata madadi.

Tambaya: Mene ne bambancin suka, sharhi da tsokaci?

Amsa: Suka ita ce ta mashi da wuƙa, ma'anarta a fili take. Sharhi daga Larabci yake, shi ne buɗe magana a bayyana ta, kamar yadda malamai suke yi wa littattafan fiƙihu, ba dole ne a sami aibi a ciki ba. Tsokaci ɗan taɓawa ne a taƙaice. Abin da ke damuna shi ne masu cewa za su yi "ɗan tsokaci" su shafe rabin sa'a suna suka.

Tambaya: Shugaban sashenmu yana cika takardunmu da jan biro, amma in aka nuna masa kuskure a tasa sai ya fusata. Akwai karin maganar da ta dace da shi?

Amsa: Wanzami ba ya son jarfa. Amma ka riƙe ta a ranka, kada ka faɗa masa a taro.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, na gyara wa abokiyar aikina "akan" na mayar "a kan", na kuma sa ƙugiya a wasu haruffa. Ta ce wannan tsanani ne, ai kowa ya gane abin da take nufi.

Amsa: Ɗan'uwa, kai ke da gaskiya, kuma wannan "ai an gane" ita ce ta fi komai ɓata rubutun Hausa a yau. "Akan" a haɗe tana nuna abin da aka saba yi: akan rufe ofis da ƙarfe huɗu. "A kan" a rabe tana nuna wuri ko batu: takardar tana a kan tebur, mun yi magana a kan kasafi. Kalmomi biyu ne, aikinsu biyu.

Maganar ƙugiya kuwa ta wuce ado. An taɓa kawo mini rahoton kuɗi na wata ƙungiya in duba, na tarar an rubuta cewa ma'aji "ya bata kudin". Na tsaya cak. Ya ba ta kuɗin, wato ya miƙa wa matar da aka ambata a layin sama? Ko ya ɓata kuɗin? Ma'ana ɗaya tana wanke mutum, ɗaya tana iya kai shi gaban alƙali, kuma abin da ya raba su ƙugiya ɗaya ce da ɗan fili tsakanin kalmomi. Sai da aka kira marubucin ya faɗi abin da yake nufi. Haka baki da baƙi, kasa da ƙasa, dauri da ɗauri.

Ƙa'idojin nan ba jiya aka yi su ba. Hanns Vischer, Baturen da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubutun boko tun 1912. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Mutane sun ƙarar da shekarunsu a kan wannan aiki. A da ana kafa hujja da cewa tafireta ba ta da haruffan. Yau kuwa kusan kowace wayar hannu tana iya fitar da ɓ da ɗ da ƙ in an saita ta. Abin da ya rage kasala ce. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mutumin da zai ji kunya ƙwarai in ya kuskure harafi ɗaya a wasiƙar Turanci, shi ne zai watsa Hausa yadda ya ga dama ya ce an gane.

Shawara ɗaya dai: irin wannan gyara ka yi shi sau biyu ko uku a farkon takarda, ka bayyana mata dalili sau ɗaya, ka bar mata sauran ta bi da kanta.

Tambaya: Mene ne "gyaran gangar Auzinawa"?

Amsa: Gyaran da ya ƙara lalata abin da aka zo gyarawa. Auzinawa su ne mutanen Abzin, wajen Agadas. 'Yar'uwarta ita ce "garin neman gira a rasa ido". Tana yawan faruwa in mutum biyar suka bi ta kan takarda ɗaya, kowa yana son a ga hannunsa a ciki.

Tambaya: Rubutun farko da ba a kammala ba, me za mu kira shi?

Amsa: Daftari. Masu labarai sun riga sun zaunar da ita, kullum kuna jin "daftarin kasafin kuɗi".

Tambaya: In na ga kuskure a rubutun wanda ya girme ni, yaya zan faɗa masa?

Amsa: Ka same shi shi kaɗai, ka ce, "Ranka ya daɗe, kamar an sami tuntuɓen alƙalami a nan." Ka ɗora laifin a kan alƙalami, ka nuna layin da yatsa, ka yi shiru ya karanta.