Tifar da ke Fita da Shara Ita ke Dawowa da Taki

"Maigida, duk lambun da muka gyara sai an cika tifa da ciyawa, rassa, ƙasa da ɓaraguzai an kai juji, bayan kwana biyu kuma a sayo taki da tsakuwa. Babu yadda za mu mori abin da muke zubarwa? Kuma yaya zan gane na ajiyewa da na yarwa?"

Da yadda za a yi, yaro, amma ba ranar kwashe shara ake fara shi ba. Ranar da diga ta taɓa ƙasa ake farawa. Ƙasa, ganye, itace da dutse, kowanne shi kaɗai kayan aiki ne. Da zarar baro ɗaya ya haɗa su sun zama shara, kuma babu leburan da zai zauna ya tsince maka su. Don haka kafin a sare ko reshe guda, ka ware wa kowannensu wurinsa a gefen fili inda mota ba za ta bi ba, ka rataye buhu ɗaya na leda, igiya da waya.

Cikin abin da ake zubarwa babu mai daraja kamar ƙasar sama, wato santimita 15 zuwa 30 na farko, mai duhu da gutsattsarin saiwoyi. Kwashe ta daban, ka tara ta a kan tamfol, kada tsibin ya wuce mita ɗaya da rabi. In ya fi haka nauyinta zai matse iskar ciki, halittun da ke raya ta su mutu. Kada a haƙa ta tana jiƙe, domin za ta dunƙule kamar bulo. Wajen cike rami, ƙasar da aka haƙo daga ƙarƙashin ta sama ce ke fara komawa. In aka juya su, ruwa zai riƙa kwanciya a gindin dashe, ganye ya yi ɗorawa, mai lambu ya ce irin ne ba shi da kyau, alhali hannunka ne. Ta ƙasan da ta yi saura a cike kwari da ita, ko a tayar da ɗan tudun ado.

Ciyawar da inji ya yanka ma ba kullum ake kwashe ta ba. In ba ka yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta ba, kuma a bushe take, bar ta a wurin. Cikin 'yan kwanaki za ta shige tsakanin ganye ta ruɓe ta mayar wa ƙasa abincinta. Wadda ta yi tsawo ko ta jiƙe ita ake tattarawa da manjagara, in ba haka ba za ta kwanta curi-curi ta kashe ta ƙarƙashinta.

Wadda ka tattara ita ce rabin takinka, kuma nan yara suka fi ɓata aiki. Suna tula ɗanyar ciyawa zalla, bayan mako ta zama kore mai yauƙi, ta dami maƙwabta da ɗoyi. Ɗanyen kaya naitirojin ne ya yi musu yawa, busassu kuwa, irin su busasshen ganye, kara da yagaggen kwali, kabon ne. Ƙwayoyin da ke ruɓar da tsibi suna son kabon ya ninka naitirojin sau 25 zuwa 30. Ba sai ka riƙe wannan ba, riƙe na baro: biyu ko uku na busasshe, ɗaya na ɗanye. Ka fara shimfiɗa ƙananan rassa kamar santimita 10 don iska ta shiga ta ƙasa, sannan ka jera hawa-hawa kana yayyafa ruwa. Tsibin ya kai aƙalla mita ɗaya tsawo, faɗi da bisa. Ƙarami ba ya riƙe zafi.

Damshinsa da hannu ake gwadawa. Damƙi ɗaya ka matse. In ɗigo ɗaya ko biyu suka fito, daidai ne. In ya tsiyaya ya yi yawa, in ya warwatse da ka buɗe hannu yana son ruwa. Cikin kwana biyu zuwa huɗu tsakiyarsa za ta ɗauki zafi, digiri 55 zuwa 65 ake nema, domin a nan yawancin irin ciyawa da cututtuka ke mutuwa. In ba ma'aunin zafi, soka guntun rodi ka bar shi minti biyar. In ka zaro ka kasa riƙe shi da daɗewa, aiki na tafiya. Duk mako ka juya, na gefe ya koma tsakiya, don gefen ba ya samun wannan zafin. Hancinka ma zai gaya maka. Warin fitsari na nufin ɗanye ya yi yawa, ƙara busasshe. Warin ruɓaɓɓen ƙwai na nufin ruwa ya toshe iska, baje shi ya sha iska ka sake tarawa. Tsibin da ya zauna da sanyi yana nan yadda ka bar shi, ko ƙishi yake ji ko ɗanye ya yi masa kaɗan. Wata biyu zuwa uku ya isa in ana juyawa. Zai ragu zuwa kusan rabi, ya yi baƙi, ya yi ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya daka. Bar shi ya huta mako uku kafin ya taɓa saiwar dashe.

Ba kowane kore ne ke shiga ba. Shukar da cuta ta kashe a fitar da ita daga filin gaba ɗaya. Kiri-kiri, tofa da aya-aya daga saiwa suke sake tsirowa, ko guntu ɗaya ya tsira a gefen tsibi ka shuka wa mai lambu wahalar shekaru. Baje su a kan daɓe rana ta ƙone su ƙurmus tukuna. Sai wanda ido ba ya gani: ciyawar da aka fesa wa maganin kashe haki mai sinadarin clopyralid ko aminopyralid. Waɗannan ba sa lalacewa da zafin tsibi. In ba ka san tarihin ciyawar ba, gwada takin. Shuka wake a mazubi uku masu gaurayen takin da uku marasa shi, ka jira mako biyu zuwa uku. In sabon ganyen masu takin ya nannaɗe kamar cokali, kada takin ya kusanci fulawa ko kayan lambu.

Rassan da suka kai kaurin hannu a yi turakun dashe da su ko a jera su iyakar kwami. Ƙanana a daddatsa su, da inji ko da adda, a rufe ƙasa da su kaurin santimita 5 zuwa 8. Suna hana ciyawa tsirowa, suna rage yawan ban-ruwa. Lissafin yana da sauƙi: murabba'in mita 20 a kaurin santimita 7 zai ci kubik mita 1.4, kusan baro 20 ke nan in baronka na lita 70 ne. A saman ƙasa ake zuba su. In ka cuɗa su da ƙasa, za su janye naitirojin yayin ruɓewa, shuka ta tsumbure. Ka bar taƙi guda tsakaninsu da gindin bishiya don kada ɓawo ya ruɓe, ka kuma nisanta su da bangon gida saboda gara. Katakon da aka jiƙa da maganin gara, mai launin kore-kore, da baƙin nan mai warin kwalta, kada a datsa su cikin wannan, kada kuma a ƙona. Wasu masu kore-koren akwai guba ta asinik a jikinsu, tana fita a hayaƙi, tana zama a toka.

Fasasshen kankare da bulo su ne gadon hanyar ƙafa. Zare rodin ciki ka kai wa masu sayen ƙarfe, ka farfasa sauran kada guntu ya wuce santimita 5, ka bar garinsa a ciki don shi ke cike tsakani. Zuba kaurin santimita 10 a hawa biyu, ka daɓe kowane hawa, sannan yashi santimita 3 ko 4, sannan intalok, wato ƙananan bulon da ake jerawa a daɓen hanya. In ka zuba manyan gutsattsari ba gari, yashi zai zurare cikin ramukan, damina ɗaya hanya ta lotsa. Manyan falle-falle masu santsin fuska ajiye su, matakala ce a cikin ciyawa. Abin da ba a yi shi ne binne ɓaraguzai inda za a yi shuka. Siminti na sauya ƙasa ta yi kanwa-kanwa, shuke-shuke irin su fulawar Ixora da lemo su kasa zuƙar sinadarin ƙarfe, sabon ganye ya fito rawaya da koren jijiya.

Mazuban roba kuwa a kankare ƙasar jikinsu, a wanke da sabulu, a jiƙa aƙalla minti 10 cikin bilic kashi ɗaya ruwa kashi tara, a ɗauraye a shanya. Wanda rana ta cinye har yana karyewa a hannu ya gama aiki, sa shi a buhun leda.

Gobe kafin lebura su iso, ɗauki tef ka auna faɗin hanyar da za mu shimfiɗa. In ya kama intalok shida da rabi, matsar da igiya ta koma shida ko bakwai cif, ka ƙara biyar cikin ɗari a kan adadin da za a sayo saboda fashewa, ka zo ka nuna min lissafin.