Rediyon CB na direbobin tirela, yana da sauran amfani?

Malam ka ce ko akwai sauran amfanin CB, wato rediyon oba-oba da direbobi ke magana da juna da shi a hanya, ga direban tirela a Amurka tunda yanzu kowa na da waya da GPS. To gaskiya akwai, amma ba kamar da ba. Ya yi tashe ne bayan matsalar mai ta 1973, da aka hana gudu ya wuce mil 55 a awa, direbobi na tsegunta wa juna inda 'yan sanda suka laɓe da gidan man da ke da dizal. Yanzu kam in ka kunna tasha ta 19, wadda ita ce ta direbobi cikin tashoshi 40 da CB ke da su, sau da yawa shiru za ka ji ko zage-zage.

Amma fa ranar da dusar ƙanƙara ta rufe babbar hanyar I-80 a jihar Wyoming ko aka yi haɗari a gaba, wanda ke tahowa ta ɗaya hannun zai ce maka layin dama a toshe yake, koma layin hagu, tun kafin Google Maps ta yi ja alamar cunkoso. Waya sai kana da lambar mutum, shi kuwa CB duk wanda ke kusa zai ji ka, ba ruwansa da netwok. Wasu wuraren fasa dutse ma da shi suke kiran mota ta shigo lodi.

Ba a neman lasisi, ƙarfin wat 4 doka ta yarda, 'yan mil kaɗan yake kaiwa. Ka sayi ko da samfurin Cobra 29 ce, amma ka sa a saita maka eriya da kyau, in ba haka ba kuɗinka ka zubar.